Hoton Jiki Gaba Ɗaya: Amfaninsa da Haɗarinsa

Dukanmu mun san rigakafi ya fi magani, kuma ciwon daji, wanda ake kira sankara, ya fi jin magani idan an gano shi da wuri. Wannan ne ya sa a ƙasashe irin su Amurka wasu kamfanoni suke talla cewa mutum ya je, ko da lafiyarsa ƙalau, a ɗauki hoton cikin jikinsa daga kai har ƙafa, ko za a ga ciwon da ke ɓoye. Maganar tana da daɗin ji, amma bari mu duba ta da kyau.

Injuna iri biyu aka fi yin wannan aiki da su. Akwai CT, wanda wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, ya ƙera, aka fara gwada shi a kan majiyyaci a Landan a shekarar 1971. Da hasken eksire yake aiki, sa'an nan kwamfuta ta nuna jikin yanki-yanki kamar an yanka burodi. Sai kuma MRI, wanda ke aiki da maganaɗisu, ba ruwansa da eksire.

Amfaninsu a fili yake ga wanda likita yake zargin yana da ciwo, ko wanda ke cikin haɗari na musamman. A 2011 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka a kan manyan mashaya taba fiye da 53,000. An ga cewa hoton huhu da CT ya rage mutuwa daga sankarar huhu da kashi 20 cikin ɗari. Mu lura, huhu kaɗai aka duba, kuma na mashaya taba.

To, mai lafiya fa? Haɗari na farko shi ne hasken kansa. Hoton CT na jiki duka yana iya kai ninki 100 na hoton ƙirji da muka saba, kuma yawan shan wannan haske yana ɗan ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon da ake gudu. Na biyu, injin yakan nuna tabo ko ƙulli wanda ba kome ba ne. Daga nan sai fargaba da kashe kuɗi, wani lokaci har a yanko nama a gwada, ƙarshe a ce ba ciwo.

Na uku ya fi wuyar ganewa. Akwai sankarar da ke girma a hankali ƙwarai, har mutum ya tsufa ya mutu ba ta taɓa damunsa ba. Koriya ta Kudu ta koya mana wannan darasi. Daga 1999 jama'a suka riƙa zuwa ana yi musu sikanin wuya, irin wanda ake yi wa mata masu ciki, don a duba 'yar tsokar nan da idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ya zuwa 2011, masu sankarar wannan wuri da ake ganowa sun ninka na 1993 sau 15, amma yawan masu mutuwa bai canza ba. An yi wa dubban mutane fiɗa, da yawansu suka koma shan magani har iyakar ransu, wasu murya ta lalace. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Saboda irin waɗannan dalilai, a 2023 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta ce babu isasshiyar shaida da za ta sa a shawarci mai lafiya, wanda ba shi da wata alama ko gadon ciwon, ya yi hoton jiki duka.

Me ya kamata mu yi? Mu riƙe gwaje-gwajen da aka tabbatar da amfaninsu, kamar na bakin mahaifa da na nono ga iyayenmu mata. Wanda ya ga ƙulli, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko zubar jini, ko rama ba dalili, kada ya jinkirta zuwa asibiti. Idan kuwa aka ce mu yi hoto, mu tambayi likita abin da ake nema, da abin da za a yi idan an gani.