Gaskiya ko Jita-jita: Saƙon Waya Ba Sabis a Sabon Birni da Isa

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Masu hali suka koma layukan Nijar, ana hawa tudu ana ɗaga waya sama ko sabis ɗin ƙetare zai leƙo. Wanda ya sha wannan wuya, in ya ji an ce akwai manhajar da ke aika saƙo ba sabis ba data, dole ya kasa kunne.

Akwai ta kuwa, gaskiya ne. Bridgefy, wadda masu zanga-zangar Hong Kong suka riƙe a 2019, da Bitchat da Jack Dorsey ya fitar a Yulin 2025, da Bluetooth suke aiki. Wayarka ta miƙa wa ta kusa da ita, waccan ta miƙa gaba, har saƙo ya isa. Amma tsakanin waya da waya da wuya a wuce mita 100. A cikin kasuwa ko sansanin 'yan gudun hijira abin zai yi. Daga Gatawa zuwa Sabon Birni kuwa, da daji a tsakani, jita-jita ce.

Maganar da ta fi damuna ita ce wai tunda ba a ba da suna ko lamba, ba mai iya taɓa hanyar. Na san abin da ya sa ake son a yarda da haka. A ƙasar da tsoron infoma ya hana mutum faɗa wa maƙwabcinsa ya ga babura a bakin gulbi, ɓoye suna batun rai ne. Sai dai wannan ɓoyewar ita ce ƙofar da mugu yake shigowa. Kowace waya ta ɗauki alkawarin miƙa saƙon wanda ba ta sani ba. Mutum ɗaya ya zauna a tsakiyar jama'a ya yi ta antayo dubban saƙonnin banza, ko tambayoyin neman hanya zuwa wayoyin da babu su, sai kowa ya shiga dakon shara. Saƙon gaske ya maƙale, batir ya ƙone, a garin da sai ka biya mai sola kafin ka yi caji. A 2020 masu bincike na jami'ar Royal Holloway a Ingila sun nuna cewa saƙo ɗaya tak da aka ƙulla da gangan zai iya durƙusar da Bridgefy, ana kuma iya bin sawun masu amfani da ita. Daga baya kamfanin ya sauya tsarin tsaronsa.

To ai sai a toshe mai laifin, in ji wasu. Wa za a toshe? Sunan da ya yi ɓarna da shi ya yar da shi, ya dawo da sabo.

Maganin da masana suka fi dogara da shi ba ya tambayar suna. Ƙa'idar AODV ta 2003, wadda ta tsara yadda na'urori ke nemo wa saƙo hanya, ta ce kada na'ura ta wuce tambayar hanya 10 a daƙiƙa, amma mugu ba zai taka wa kansa birki ba, don haka wayoyin da ke kusa da shi ne za su riƙa ƙirga abin da ke shigo musu, in ya wuce kima su daina miƙawa. Ana kuma yanke wa saƙo iyaka, a Bitchat tsalle 7 ne daga waya zuwa waya. Akwai dabarar da Adam Back ya kawo a 1997, ta sa waya ta warware ɗan lissafi kafin kowane saƙo, don mai aika dubu ya ji a jikinsa. Wannan ban ga ta dace da mu ba. Mugun da ke da kwamfuta da sola zai biya cikin sauƙi, talaka mai tsohuwar waya shi batirinsa zai fara mutuwa.