Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Kwamfuta da Na'urar Kiɗa ta Gida

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan wani irin rumbu dabam, watau rumbun ajiye murya. A gidaje da yawa, har da ofisoshin ƙungiyoyinmu, akan sami kwali cike da kaset da faifan CD. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zare ne mai laushi. Zafi yana sa ya miƙe, ƙura tana cinsa, laimar damina kuma tana sa masa fumfuna. Faifan CD kuwa, in ya karce sai ya riƙa tsalle. Waƙar kasuwa in ta lalace a sayo wata. Amma waƙar da aka ɗauka ran biki, ko jawabin wani dattijo da ya rasu, in zaren ya tsinke babu kasuwar da za a je nema.

Maganin wannan shi ne a mai da su fayil, a tara su wuri ɗaya, a sa ƙaramar kwamfuta ta tsare su, ta riƙa miƙa wa na'urar kiɗa duk wadda aka nema. Ga yadda abin yake.

Abubuwa huɗu da ke aikin

Ku dubi yadda ake cin abinci a gida. Hatsi yana rumbu, maigida ya ce ga abin da za a ɗebo, uwargida ta girka, duka kuma a tsakar gida ake haɗuwa. To, haka nan wannan aiki yake.

Rumbun shi ne ƙaramar kwamfuta tare da faifan ajiya. Wadda aka fi sani ita ce Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a 2012 a kan dala 35. Wata gidauniya ta birnin Kambirij a Ingila ce ta ƙirƙiro ta domin yara su koyi aikin kwamfuta, Eben Upton kuwa yana cikin waɗanda suka kafa ta. Tsawonta milimita 85 ne, faɗinta 56, watau ba ta cika tafin hannu ba.

Mai girkin ita ce na'urar kiɗa mai hawa hanyar sadarwa. Tana karɓar fayil, wanda lambobi ne zalla, ta mai da shi sauti, ta ba amfilifaya da lasifika. Kamfanoni irin su Yamaha da Denon da Cambridge Audio da Sonos suna ƙera ta.

Maigidan shi ne wayar hannu, wadda ake zaɓen waƙa da ita. Tsakar gidan kuma ita ce rauta, akwatin nan da yake rarraba Wi-Fi.

Sai mu lura da abu ɗaya, domin a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Ba a jan wayar sauti daga kwamfutar zuwa na'urar kiɗa. Kowace cikinsu da rauta ake haɗa ta, a can suke gamuwa. Waƙar ba ta fita waje, saboda haka sauraronta ba ya cin data. Sai dai akwai na'urorin da suke bukatar intanet a ranar da ake saita su.

Kayan da za a tanada

Ana bukatar Raspberry Pi 3 ta 2016 ko Raspberry Pi 4 ta 2019, kowace ta isa. Sai katin ajiya na microSD mai gigabait 16, da caja mai kyau. Pi 4 tana so bolt 5 da amfiya 3, kuma cajar waya mara ƙarfi takan sa ta riƙa tsayawa. Sai faifan ajiya mai shiga ramin USB, da wayar sadarwa guda biyu, irin mai kai kamar na tsohuwar wayar tarho amma ya fi faɗi.

Game da girman faifan, ga lissafi. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka minti ɗaya yana cin kusan megabait 10. Tsarin FLAC, na 2001, yana matse wannan ya koma wajen rabi ko fiye kaɗan, ba tare da an rasa kome daga sautin ba. Tsarin MP3 yana iya matse shi har zuwa megabait 1, amma yana zubar da wani abu wanda ba ya dawowa. Faifan ajiya mai terabait 1 zai ɗauki CD wajen 3,000 a tsarin FLAC. Abin da ba shi da madadi, a ajiye shi a FLAC.

Yadda ake haɗawa

1. A wata babbar kwamfuta, a sauko da manhajar Raspberry Pi Imager, a zuba tsarin Raspberry Pi OS Lite a katin. Tun a nan za a ba kwamfutar suna da kalmar sirri, a kuma kunna SSH, watau ƙofar da za a riƙa ba ta umurni daga wata kwamfuta. Da haka ba ta bukatar allo nata.

2. A kwafe waƙoƙi a faifan ajiya, kowane mawaƙi da jakarsa. Na CD ana kwafe su cikin 'yan mintoci. Na kaset kuwa sai an kunna shi ana ɗauka da manhaja irin Audacity, kaset mai minti 90 zai ci minti 90 ɗinsa cif.

3. A sa katin, a jona faifan, a ja waya ɗaya daga kwamfutar zuwa rauta, ɗaya kuma daga na'urar kiɗa zuwa rauta. Sa'an nan a ba su wuta.

4. A sa manhajar MiniDLNA a kwamfutar, kyauta ce. A nuna mata jakar da waƙoƙin suke, a kuma saita faifan ya riƙa buɗewa da kansa duk sa'ad da aka kunna.

5. A gwada. A rubuta lambar adireshin kwamfutar a burauzar waya, a bi ta da :8200. In an ga shafi yana faɗin yawan waƙoƙi, rumbu ya buɗe ke nan.

6. A buɗe manhajar na'urar kiɗa a waya, ko kuwa BubbleUPnP ga masu Android. Sunan kwamfutar zai fito, sai a zaɓi waƙa.

Me ya sa suke gane juna ba tare da an gabatar da su ba? Domin suna jin harshe ɗaya, wanda ake kira UPnP ko DLNA. Da an kunna kwamfutar sai ta yi shela ga dukan na'urorin da suke kan rautar cewa ga ta, ga kuma abin da take da shi. An rushe ƙungiyar DLNA a 2017, amma harshen yana nan yana aiki. Na'urorin Sonos kuwa hanyarsu dabam ce. Su sai an buɗe musu jakar waƙoƙin da manhajar Samba, a rubuta musu adireshinta, kuma ba sa ɗaukar fiye da waƙa 65,000.

In abin ya ƙi

Idan waya ba ta ga kwamfutar ba, a fara duba ko duka suna kan rauta ɗaya. Rauta da yawa suna da Wi-Fi na baƙi, wanda aka yi shi musamman domin ya hana na'urori ganin juna. Wayar da take kansa ba za ta ji shelar ba.

Idan jiya ya yi, yau ya ƙi, mai yiwuwa rautar ta sāke wa kwamfutar adireshi bayan ɗaukewar wuta. A shiga saitin rautar a keɓe mata lamba ɗaya ta dindindin.

Idan waƙa tana yankewa, yawanci laifin Wi-Fi ne, domin bango mai kauri da ƙarfe suna rage masa ƙarfi. Waya ta fi. Sautin CD megabit 1.4 kaɗai yake bukata a daƙiƙa, wayar sadarwa ta kullum kuwa tana ɗaukar 100 ko 1,000, har nisan mita 100. Saboda haka kada kowa ya ruɗe ku da waya mai tsada wai tana ƙara daɗin sauti. Kuɗin ya fi amfani a wajen lasifika.

Idan waƙoƙi sun fito ba suna, ba mawaƙi, to ba a cika bayanan da suke cikin fayil ɗin ba. Buhun da ba a rubuta masa suna ba, sai an kwance shi kafin a san abin da ke ciki.

Wuta da zafi

Pi 4 tana shan wajen wat 3 in ba ta aiki mai nauyi, watau bai kai na ƙwan fitilar LED ba. Ƙaramar sola da batir za su riƙe ta. Abin da ba ta so shi ne a yanke mata wuta farat ɗaya, domin in tana cikin rubutu a katin sai katin ya rikice. A kashe ta da umurni tukuna, ko a ɗora ta a kan batir. In zafinta ya kai wajen digiri 80 takan rage gudu da kanta. A ajiye ta inda iska take ratsawa, kada a rufe ta da mayafi, a kuma riƙa hure mata ƙura lokacin hunturu.

Wanda ba shi da na'urar

Mai tsohuwar amfilifaya ba sai ya sayi sabuwar na'ura ba, kwamfutar kanta tana iya zama mai girkin. A zuba mata Volumio ko moOde ko piCorePlayer, a ɗora mata ƙaramin allon sauti irin na HiFiBerry a kan allurai 40 da suke gefenta, sa'an nan a ja wayar sauti zuwa amfilifaya. Ramin sautin da Pi 3 da Pi 4 suka zo da shi bai kai allon kyau ba, Pi 5 ta 2023 kuwa ba ta da ramin sam.

Akwai darasi a labarin wata na'ura mai suna Squeezebox. Kamfanin Logitech ya sayi masu ƙera ta a 2006, ya daina yin ta a 2012. Amma da yake manhajar rumbunta a buɗe take ga kowa, masu sha'awa suka ci gaba da gyaranta, a 2024 aka sāke mata suna Lyrion Music Server. Waɗanda waƙoƙinsu suke a faifan kansu ba su yi asarar kome ba. Kamfani yana iya sāke shawara, amma abin da yake rumbunka naka ne.

Shawararmu

Faifan ajiya ma yana mutuwa, ba ya kuwa yin sallama. A kwafe kome a faifai na biyu, a ajiye shi a wani gida dabam, domin rigakafi ya fi magani. Waƙar da wani ya sha wahala ya yi domin sayarwa, kada a kwafe ta a rarraba, guminsa ne kamar yadda amfanin gona yake gumin manomi.

Muna roƙonku ku kawo wannan magana a taron ƙungiya mai zuwa. A sami saurayi ko budurwa mai hannu a kwamfuta a danƙa masa aikin, dattawa kuma su zauna kusa su faɗi sunan mai magana da shekarar da aka ɗauka. A fara da kaset mafi tsufa, kafin ruwa ya sauka.