Idan an kai ƙarar nas gaban hukumar lasisi: daga ina kariyarta ke farawa?

A unguwar Bagama da kewayenta a Suleja akwai ma'aikatan jinya da ungozomomi da dama. Wasu na aiki a Babban Asibitin Suleja ko asibitoci masu zaman kansu, wasu kuma kullum suna sammako zuwa Abuja ko Gwagwalada. Ko ina suke aiki, lasisinsu daga wuri guda ya fito: Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi ta Nijeriya, wato NMCN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979. Hukumar da ta ba da lasisin ita ke da ikon karɓe shi.

Idan majinyaci ya rasu ko ya nakasa, danginsa kuma suka yi zargin sakaci, ƙofofi uku ne ke iya buɗewa a kan nas guda, kuma kowace da hukuncinta. Wanda ya ɗauke ta aiki na iya dakatar da ita ko ya kore ta. 'Yan sanda na iya gurfanar da ita a kotu. Sai kuma kotun ladabtarwa ta hukumar, wadda doka ta ba ikon yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke suna daga rajista. Wadda aka kora na iya neman aiki a wani asibiti, ko ta kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wadda aka soke sunanta kuwa ba ta da ikon yin aikin jinya ko'ina a ƙasar nan, kuma takardar shaidar kyakkyawan hali da ƙasashen waje ke nema ta kuɓuce mata.

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi cewa a saurari kowa cikin adalci, ba a kotu kaɗai ba, har a duk wani zauren shari'a da doka ta kafa. Ma'anarsa a aikace ita ce nas ta san ainihin abin da ake tuhumarta da shi, ta ga hujjojin da aka tara, ta sami lokacin shiri, ta kawo shaidunta, ta yi wa shaidun mai ƙara tambayoyi, lauyanta kuma ya tsaya mata. Kotun Ƙoli ta sha jaddada wannan. A shari'ar Gani Fawehinmi ta 1985 ta nuna cewa kwamitin ladabtar da lauyoyi ba zai zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci guda ba. Tun a 1968, a shari'ar likita Denloye, ta yanke cewa idan zargin babban laifi ne da dokar ƙasa ta haramta, kotu ce za ta fara yanke hukunci, ba kwamitin sana'a ba. Waɗannan shari'o'i ba na ma'aikatan jinya ba ne, amma ƙa'idar da suka kafa ta shafe su.

Sai dai a ganina, ba a zauren shari'a ake cin nasara ko faɗuwa ba; tun a ɗakin majinyata ne, a kan takardar da nas ke rubuta lokacin ba da magani da abin da ta lura da shi. Shari'ar likita Okonkwo misali ce mai kyau. Wata majinyaciya ta ƙi amincewa a yi mata ƙarin jini saboda aƙidarta, ta kuma rasu. Kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi wata 6, amma a 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wanke shi. Ƙin amincewar majinyaciyar a rubuce yake, da sa hannu. Nas da ta kira likita da ƙarfe biyun dare bai zo ba, ba ta kuma rubuta ba, daga baya bakinta ne kawai da nasa. Wadda tsoro ya sa ta koma ta gyara fayil bayan an yi ƙorafi kuwa ta ƙara wa kanta laifi, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta sanya sauya bayanan majinyaci ba bisa ƙa'ida ba cikin laifuffukan da ke iya kai ga ɗauri.

Tarko na biyu shi ne amsar takardar neman ba'asi. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa idan babba ya yi faɗa, a ba da haƙuri a wuce wurin. A ofis kuwa, jimlar "na yi kuskure, a gafarce ni" da aka rubuta cikin gaggawa tana iya zama amsa laifi idan fayil ya isa Abuja. Gara a nemi ƙarin lokaci a rubuce, a tuntuɓi reshen ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa, NANNM, a kuma nuna wa lauya amsar kafin a miƙa ta. Idan ƙarancin ma'aikata ko rashin kayan aiki na cikin musabbabin abin da ya faru, a faɗe shi da kwanan wata da adadin majinyatan da ke hannunta a wannan dare.

Ba a gida kaɗai ake wannan gwagwarmaya ba. A 2023 hukumar jinya ta Birtaniya ta binciki sakamakon jarrabawar kwamfuta da aka rubuta a wata cibiya a Ibadan, lamarin da ya jefa ɗaruruwan 'yan Nijeriya cikin kare kansu ɗaya bayan ɗaya, wasunsu tuni sun fara aiki a can.

Ko bayan hukunci, doka ta bar ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa kotu, amma cikin ƙayyadadden wa'adi da ke fara ƙirguwa daga ranar da aka miƙa wa nas takardar hukuncin. Saboda haka ta rubuta ranar da ta karɓa a jikin takardar, ta kai wa lauya a makon nan.