Hawan Dutsen Dala: Uwargida, Ƙafarki Za Ta Kai Ki?

Yaushe rabon da ki yi tafiyar ƙasa wadda har za ki ji numfashinki ya ɗaga? Abin da ya same ni a hutun makaranta ne ya sa na yi miki wannan tambaya.

Maigida ne ya kwashe mu daga nan Ƙofa zuwa Kano zumunci, muka bi ta Tsanyawa da Bichi. Da muka isa sai yara suka nace sai an kai su Dutsen Dala. A raina na ce, wannan ɗan dutsen da aka yi wa matakala? Wallahi ban kai rabi ba na nemi wuri na zauna, gwiwa tana rawa, maƙoshi ya bushe. Ina nan zaune surukata, wadda ta haura shekara 60, ta wuce ni riƙe da hannun jikanta. Ita ta tashi tana kai abinci gona da ɗauko ruwa a ka. Mu kuwa ko gidan suna ne a unguwa ta gaba sai mun aika a kira mai babur.

Amma da na lallaɓa na kai sama, sai na manta da gajiyar. Saman dutsen fili ne, ga tsohon birni shimfiɗe a ƙarƙashinki, ga Goron Dutse can yana kallonki, ga hasumiyoyin masallatai ko'ina. A nan na ba yara labarin maƙeran da suke narka tama a gindin dutsen tun ƙarni na 7, da Barbushe da tsafin Tsumburbura, da zuwan Bagauda a shekarar 999, har zuwa lokacin Sarki Yaji da Wangarawa suka zo da Musulunci a ƙarni na 14. Darasin da na sha faɗa a aji suna gyangyaɗi, ranar har tambayoyi suke jero mini. Sai dai ki fahimtar da su cewa tarihi aka zo gani, ba neman tabarruki ba.

A Turai hawan dutse al'ada ce ta iyali. Tsakanin Faransa da Sifen akwai jerin duwatsun Firanis, wanda mafi tsawonsu, Aneto, ya kai mita 3,404. Sun fitar da hanyar ƙafa mai suna GR10 daga bakin Tekun Atilantika har zuwa Bahar Rum, ana shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu don kada matafiyi ya ɓata, ga ɗakunan kwana a hanya. Mai son gama ta yakan yi kusan wata 2, kuma da rani ake bin ta, bayan ƙanƙara ta narke. Ba na cewa mu kwaikwaye su, amma ki tuna da tafiyar da kike roƙon Allah Ya kai ki. Safa da Marwa kaɗai, sahu 7, sun kai kusan kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Ƙafar da ba ta saba ba, a can take tona asiri.

In maigida ya amince za ku je Dala, ku zaɓi lokacin sanyi, ku fita da sassafe. Ki sa takalmi marar tsini, ki ɗan tattare hijabi kada ki taka shi a matakala, ki riƙe gorar ruwa. A sama kada ki saki hannun ƙananan yara kusa da gefe. Saukowa ta fi cin gwiwa, don haka a bi a hankali. Mai ciki ko mai hawan jini ta fara tambayar likita.

Ni dai tun da muka dawo, a ƙasa nake zuwa Islamiyya in dawo. Surukata kuwa har yau in ta gan ni sai ta ce, "Malama, ya gwiwa?"