Farautar ƙwai a bakin ruwan Amstadam: abin da iyaye ke kiyayewa

Mai karatu, da za ka tsinci kanka a birnin Amstadam na ƙasar Holan ranar Lahadin Ista, za ka ga yara riƙe da ƙananan kwanduna suna leƙa bayan tukwanen furanni da gindin bishiyoyi. Ƙwai suke nema. Manya ne ke ɓoye su tun da sassafe, a ce wa yaran zomo ne ya ajiye. Bikin yana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, lokacin da sanyin hunturu ya ja baya, itatuwa suka fara toho, kowa na ɗokin fita waje bayan watannin zaman ɗaki.

Wasan ya samo asali daga al'adar Kiristocin Turai, inda a da akan ƙaurace wa cin ƙwai a kwanakin azumi kafin Ista. Yau ya zama fitar iyali, har makarantu da wuraren shaƙatawa a Legas da Abuja sun ɗauka. To idan an gayyaci ɗanka, akwai abubuwan da ya kamata ka sani.

Na farko shi ne ruwa. Amstadam birni ne da aka yanka da hanyoyin ruwa na haƙa, tsawonsu ya haura kilomita 100, da gadoji fiye da 1,000. Manyan uku, wato Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, an haƙa su ne a ƙarni na 17, kuma UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2010. Yawancin bakin ruwan ba shi da shinge. Yaron da idonsa ke ƙasa yana neman ƙwai ba ya ganin inda tudu ya ƙare, ga ruwan Afrilu da sanyin da ke sandarar da jiki nan take.

Mutanen Holan ba su dogara da tsawa da "kar ka matsa can" kawai ba. Tun suna ƙanana ake kai yaransu koyon iyo, su ci jarrabawa a ba su takardar shaida mataki uku: A, B da C. Abin da ya fi burge ni shi ne, ana gwada yaron da tufafi a jikinsa, domin wanda ya faɗa ruwa bisa tsautsayi ba ya samun damar tuɓe riga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaro yakan nutse shiru, babu ihu, babu fantsama. Saboda haka in taron yana kusa da tafki, kwata ko wurin wankan otal, a ware babba guda wanda aikinsa kallon yara ne kaɗai, wayarsa tana cikin jaka.

Sai ƙwan kansa. Dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa, domin tafasa tana wanke siririn rufin da ke toshe ƙofofin ɓawo. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce awa 2 a wajen firji, in kuwa zafi ya haura digiri 32, awa 1. Ka duba yanayinmu a watan Maris da Afrilu ka yi lissafi da kanka. Wanda ya fashe ko ya kwanta a ƙasa mai laima, a zubar. A ganina ma gara a ɓoye ƙwan roba, a bar na ci a cikin kula. In za a rina, a yi amfani da kalar abinci, ba fenti ko tawada ba.

Ƙwan cakulan ma yana da nasa. Gab da Istar 2022 an janye kayan Kinder daga kasuwannin ƙasashe da yawa bayan an gano ƙwayar salmonela a wata masana'anta da ke Arlon ta Beljiyam, kuma yawancin waɗanda suka kamu ƙananan yara ne. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne shaƙewa: ƙananan ƙwai masu tauri daidai suke da faɗin maƙogwaron ɗan shekara 3. A raba su gida-gida, ko a ba shi wanda ake gutsura, kuma ya ci a zaune.

Akwai wanda ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magani. Yaron da ya yini yana koyon cewa duk wani abu mai launi da ya tsinta a lungu na ci ne, zai dawo gida da wannan tunanin. Ƙwayar ƙarin jini da uwa ke sha ja ce, sumul, kamar alewa, kuma kaɗan daga cikinta na iya kai ƙaramin yaro ga halaka. Haka maganin hawan jini da na suga da ke jakar kaka. A ɗaga su sama, a kulle.

Idan gudawa ko amai suka biyo bayan fitar, a fara da ruwan gishiri da suga na ORS, a haɗa da zinc na kwana 10 zuwa 14. Kada a ba ƙaramin yaro maganin tsayar da gudawa, kada kuma a sayo masa kafso ba tare da ganin likita ba. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, ƙin shan ruwa ko idon da ya faɗa ciki, waɗannan na asibiti ne a ranar.