GAUTSIN ƘASHI: Ciwon Da Ke Karya Yaro Ba Tare Da Ya Faɗi Ba

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Hausawa a Fatakwal, ko Anaca, ko Inugu, ya san abin da akan yi idan yaro ya karye. Kafin a ce kwabo an aika a kira maɗori, an yanko kara, an kawo tsumma, an ja ƙafar an daidaita ta, an ɗaure. Sau da yawa kuwa Allah yakan ba da sa'a, ƙashi ya kama, yaro ya miƙe ya ci gaba da wasansa. Amma akwai wani irin yaro, ɗaya cikin dubbai, wanda wannan jan da ake yi masa don a gyara karaya ɗaya shi ne yakan jawo masa ta biyu.

Mai karatu ya ɗauki misalin jariri ɗan wata uku. Uwarsa ta kama idon sawunsa ta ɗaga don ta canza masa tsumma, kamar yadda kowace uwa take yi, sai ya ƙwalla ƙara, kafin magariba cinya ta kumbura. Bai faɗi ba, ba a kuwa buge shi ba. Bayan wata biyu sai ga hannu ya karye wajen sa masa riga. To, daga nan ne ake fara kallon-kallo a cikin gida. Wasu su ce uwar ce ba ta iya riƙo ba, wasu su zargi kishiya, wasu su ce maita ce ko iska. An raba aure a kan abin da bai kai wannan ba. Alhali kuwa yana yiwuwa babu laifin kowa, ciwo ne da aka haifi yaron da shi, wanda likitoci ke kira ostiyojenesis imfafekta, a taƙaice O.I., watau gautsin ƙashi.

ASALIN CIWON

Magina sun san tubalin da ba a cuɗa ƙasarsa da ramno ba, ko ya bushe ya yi tauri, da an buge shi sai ya ruguje. Haka ƙashin ɗan Adam yake. Taurinsa yana zuwa ne daga sinadarin kalsiyam, amma abin da yake riƙe shi har ya jure nauyi da bugu wasu zarurruka ne da ake kira kolajin. Mai gautsin ƙashi jikinsa ba ya yin wannan kolajin isasshe, ko kuwa yana yin shi amma marar ƙarko. Saboda haka ba rashin abinci ne yake kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wurin wani. A cikin ƙwayoyin gado yake.

Ciwon ba sabo ba ne. Masu binciken kayan tarihi sun ga alamunsa a gawar wani jariri da Misirawan dā suka adana kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ekman ya yi bayaninsa a 1788. A 1979 kuma likita David Sillence na Ostireliya ya kasa shi gida huɗu. Na farko shi ne mai sauƙi, shi ya fi yawa, mai shi yakan girma ya yi sana'a ya yi iyali, sai dai yawan karaya tun yana yaro. Na biyu shi ne mafi tsanani, jariri yakan karye tun a ciki, yakan kuma rasu wajen haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Na uku yakan tanƙwara ƙafafu da gadon baya, ya hana tsawo. Na huɗu tsaka-tsaki ne. Daga baya an gano waɗansu ire-iren bayan waɗannan.

An ƙiyasta cewa a duniya ana haihuwar jariri ɗaya da wannan ciwo cikin kowane 15,000 zuwa 20,000. Ƙasa kamar Nijeriya, wadda ake haihuwar miliyoyin jarirai a kowace shekara, rabonta a wannan lissafi ɗaruruwa ne. Yawanci idan ɗaya daga cikin iyaye yana da ciwon, kowane ciki rabi-da-rabi ne, ko yaro ya gada ko ya tsira. Wani lokaci kuma yakan ɓulla haka kawai a gidan da ba a taɓa ganinsa ba.

Akwai kuma wani iri da ya shafi Afirka ta Yamma musamman. A 2012 masu bincike a Amurka suka bayyana cewa kashi 1.5 cikin 100 na 'yan Nijeriya da Gana da aka gwada, watau kimanin mutum 3 cikin 200, suna ɗauke da wata ƙwayar gado mai illa ba tare da sun sani ba, domin su lafiyarsu ƙalau. Sai idan miji da mata duka suna ɗauke da ita, sa'an nan kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar jariri mai gautsin ƙashi mai tsanani. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar irin wannan haɗuwa. Saboda haka matar da take ta haihuwar jarirai masu tanƙwararrun gaɓoɓi suna rasuwa, a maimakon a laƙaba mata wabi, ko abin da maƙwabta Ibo ke kira ogbanje, kamata ya yi a kai ta ga likita tare da mijinta.

YADDA AKE GANE SHI A ƊAKIN GAGGAWA

Hausawa sun daɗe a waɗannan garuruwa. Fatake sun sauka Anaca ta kogin Kwara tun kafin zuwan mota, hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Fatakwal da Inugu a 1916 saboda kwal ta ƙara jawo 'yan kasuwa, har ma a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, wani dillalin shanu ɗan ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Duk da wannan daɗewa, har yanzu mutum yakan ji shi baƙo ne ranar da ya tsaya gaban likita ba su jin harshen juna. A wannan ciwo kuwa, labarin da iyaye za su bayar shi ne rabin binciken.

Abin da likita yake so ya ji shi ne: sau nawa yaron ya karye, kuma me ya karya shi kowane karo? Akwai wani a dangin uba ko na uwa da yake yawan karaya, ko gajere ƙwarai, ko wanda ya kurmance tun yana saurayi? Akwai jariran da suka rasu? Iyayen 'yan'uwan juna ne? Kada a ɓoye ko ɗaya don kunya, kada kuma a ɓoye cewa an riga an je wurin maɗori.

Bayan wannan sai likita ya duba jiki. Farin idon mai ciwon yakan yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Haƙora sukan yi launin ƙasa-ƙasa, su riƙa gutsurewa. Gaɓoɓi sukan yi sako-sako, fata ta riƙa tara jini da ɗan bugu kaɗan, yaro ya riƙa yawan gumi. Sai dai ba kowane mai ciwon ne yake da duk waɗannan alamu ba. Irin nan na Afirka ta Yamma ma yawanci idon mai shi fari ne fat, don haka farin ido ba ya kore ciwon. Hoton ƙashi yakan nuna ƙasusuwa sirara, da tsofaffin karaya da suka warke, da waɗansu ƙananan ƙasusuwa a mahaɗin ƙoƙon kai. Gwajin ƙwayoyin gado shi ne yake tabbatarwa sarai, amma ba a jira shi kafin a fara taimakon gaggawa.

Wajibi ne kuma likita ya rarrabe shi da waɗansu abubuwa uku da suka fi shi yawa. Na farko amosanin jini, watau sikila, wanda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya; shi yakan kawo matsanancin ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa, gwajin jini kuma yana bayyana shi. Na biyu laushin ƙashi mai kawo gwame da bakan ƙafa, wanda binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a wajen yaranmu ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalilinsa. Wannan yana warkewa da magani. Na uku shi ne duka da azabtar da yara. Dole likita ya yi wannan tambaya domin ya kare yaro, bai kamata iyaye su ɗauke ta cin mutunci ba. Amma a ƙasashen Turai da Amurka an sha raba iyaye da 'ya'yansu bisa zargin duka, daga baya aka gano gautsin ƙashi ne. Gaggawar yanke hukunci ta kowane ɓangare zalunci ne.

ABIN YI DA ABIN BARI

Tun daga gida, kada a ja gaɓar da ake zaton ta karye, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin miƙar da ita. A tallafe ta yadda take da matashi ko naɗaɗɗen zane. Ba a ɗaga irin wannan jariri ta hammata ko ta idon sawu. A buɗe tafin hannu, ɗaya a ƙarƙashin kai da kafaɗu, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, a ɗauke shi gaba ɗaya. Kada a goya shi, kada a hau babur da shi idan akwai mota. A dakata da ba shi abinci har likita ya gani, ko da za a bukaci aiki. Idan kansa ne ya bugu, ko numfashinsa ya canza, to, ba a jira wayewar gari.

Idan an riga an yi ɗori, a lura da yatsu. In suka kumbura, suka yi sanyi, suka fara baƙi, ko yaro ya kasa motsa su, ko kukansa ya ƙi tsayawa, ɗaurin ya toshe hanyar jini ke nan. A sassauta shi nan take a nufi asibiti, domin cikin 'yan sa'o'i nama yakan fara mutuwa. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kokawa a kan yawan hannaye da ƙafafun yara da ake yankewa saboda matsatstsen ɗori.

A asibiti kuma akwai ƙa'idojin da aka sani. Ana fara kashe zafin ciwo kafin a motsa yaro. Ana barin uwa ta ɗauke shi ta kwantar da shi wajen ɗaukar hoto, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo. Ana guje wa na'urar awon jini mai matse hannu da kanta, da ɗaure damtse da ƙarfi wajen neman jijiya, da tanƙwara wuya baya ƙwarai. Idan hoto bai nuna karaya ba amma yaro yana kuka ya ƙi motsa gaɓar, ana ɗaukarta karaya ce, domin tsagewa ƙarama ba ta cika fitowa a hoton farko ba. Ana sa ɗauri marar nauyi, na ɗan lokaci kaɗan, saboda ƙashinsu yana kamawa cikin lokacin da na kowa yake kamawa, daɗewa a ɗaure kuwa yana ƙara masa rauni ne.

INDA ZA A NUFA

Mazauna Inugu sun yi dace, domin a garinsu ne Asibitin Ƙashi na Ƙasa yake, wanda aka buɗe a 1975, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙashi uku na Gwamnatin Tarayya, tare da na Igbobi a Ikko da na Dala a Kano. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya a Ituku-Ozalla. Mutanen Anaca suna kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi, na Fatakwal kuma suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal. Al'adar nan ta a sa yaro mai sabuwar karaya a motar dare a tafi da shi gida Arewa, ya kwana yana jijjiga a hanya, ba alheri ba ce gare shi. A fara tsayar da karayar a nan kusa, tafiya ta biyo baya. Ya kamata kuma a sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa ga marar lafiya.

Har yau ba a sami maganin da yake raba mutum da gautsin ƙashi ba, amma an sami ci gaba mai yawa. Tun 1959 likitoci biyu a Amurka, Sofield da Millar, suka bayyana dabarar zura sandar ƙarfe a cikin dogon ƙashi don ta miƙar da shi ta tokare shi, yanzu har akwai sandar da take ƙara tsawo tare da girman yaro. A 1998 likitoci a Kanada suka nuna cewa maganin pamidronate, wanda ake bayarwa ta ƙarin ruwa lokaci-lokaci, yana ƙara wa ƙashin yara kauri, yana rage zafi da yawan karaya. Motsa jiki a hankali ƙarƙashin kulawar masana, da isasshen kalsiyam da bitamin D, suna taimakawa. Karaya takan ragu bayan balaga. Ciwon kuma ba ya taɓa basira, saboda haka babu dalilin hana yaro zuwa makarantar allo ko ta boko. A dai sanar da malamai, a keɓe shi daga bulala da kokawa.

Abin da ya rage aiki ne na jama'a. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa a waɗannan garuruwa uku suna iya ware samari masu jin Turanci da harshen gari, waɗanda za a riƙa tasowa ko da tsakar dare su raka marar lafiya asibiti. Iyayen yaron da aka tabbatar yana da ciwon su roƙi likita ya rubuta musu takarda mai ɗauke da sunan ciwon da yadda ake riƙe yaron, su ajiye ta inda hannu zai kai da sauri. Maɗora kuma, waɗanda jama'a suka amince da su tun kaka da kakanni, idan aka kawo musu yaron da ya karye ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko wanda ya dawo karo na biyu da na uku, babban taimakon da za su yi masa shi ne su janye hannu su ce a tafi asibiti. Uwar da ake zargi a banza ita ma ta sami sauƙi ke nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.