FILIN MATA: Tsatsa A Ƙashin Bayan Tsohuwar Mota

Yau zancenmu ya bar madafi ya nufi gareji. Na san wata za ta ce ina ruwan biri da gada, ai mota sha'anin maza ce. To, amma ku duba. A gidaje da yawa akwai tsohuwar mota wadda mahaifi ya bari, ko wadda maigida ya ƙi rabuwa da ita. In ta shiga gado, mata suna da rabonsu a ciki. In za a gyara ta, sau da yawa kuɗin adashenmu ne ke tafiya. In kuwa ta tashi, mu da 'ya'yanmu ake zubawa a baya ran biki. Ashe ke nan ya kamata mu san abin da ke ɗauke da mu.

Bari mu ɗauki Land Rover, motar da iyayenmu suka saba gani da ma'aikatan En'e da likitoci da malaman dabbobi. An fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam a 1948, aka kuma riƙa ƙera ta a Solihull ta ƙasar Ingila. A lokacin ba a daɗe da gama yaƙin duniya na biyu ba, baƙin ƙarfe ya yi wuya, saboda haka aka yi mata jiki da alminiyam. Amma abin da jikin ke zaune a kai, watau shasi, da baƙin ƙarfe aka yi shi. Siffarsa kamar tsani ne a kwance: dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, da gajeru a gicciye suna haɗa su. Kowane kuwa cikinsa rami ne kamar akwati, kaurin bangonsa wajen milimita 2. Haka aka ci gaba da yi a samfurin 1958, da na 1961, da na 1971 wanda aka daina ƙerawa a 1985.

A nan yaudarar take. Kowace mace ta san tukunyar alminiyam ba ta jan tsatsa, amma kwanon sha da zarar fentinsa ya ɓare, sai tsatsa ta kama wurin har ya huje. To, haka motar nan take. Sai ki ga jikinta sumul, an fesa fenti yana walƙiya, alhali ƙashin bayanta ya ruɓe. Injin, da sifirin, da mazaunin fasinja duk a kansa suke rataye. Ran da ya karye a kan hanya, Allah ya kiyaye, sabon fenti ba zai ceci kowa ba.

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya gamu da danshi da iska. Mu a Arewa rani yana taimakonmu, amma damina tana ramawa. Laka tana shiga cikin ramin ƙarfen, ta toshe ƙofofin da aka bari don ruwa ya tsiyaye, ta zauna da laima wata da watanni tana ci daga ciki. Gishiri, da takin zamani, da fitsarin dabbobin da ake ɗauka, duk suna ƙara mata sauri. Motar da ta zauna bakin teku, ko wadda ta fito daga Turai inda ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, ta fi kamuwa.

Gane ɓarnar ba wuya. A wanke ƙarƙashin motar, a bi shasin da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ki ji dum, kamar fasasshiyar ƙwarya, ɓawo yana zubowa. Wuraren da suka fi lalacewa uku ne: ƙarfen gicciye na can baya inda ake ɗaura abin ja, da hannuwan da suka fito gefe suna tallafe da bodi, da wuraren da sifirin ke rataye.

In an sami ruɓa, gyara iri biyu ne, na gaskiya da na ganin ido. Na ganin ido shi ne a ɗora falle a kan tsatsa a ɗiɗɗiga walda, ko a cike ramin da ƙullun da masu gyaran bodi ke shafawa, a bi da baƙin fenti. Wadda ta taɓa yin maho a kan ruɓaɓɓen zane ta san ƙarshen wannan: mahon yana nan, zanen ya yage a gefensa. Walda ba ta kama tsatsa, ta ƙarƙashin fallen kuma ba ta daina ci.

Na gaskiya ga yadda yake. Da fari a tsai da motar a daidaitaccen wuri, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe, kada a yarda kowa ya shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. A cire wayar batir. In aikin yana kusa da tankin mai, a sauke tankin a kai shi nesa, domin tururin fetur ya fi fetur ɗin saurin kamawa. A kawar da bututun birki. A motocin nan kuma wayoyin fitilun baya ta cikin dogon ƙarfen suke bi, in ba a janye su ba sai a yanke su ko a ƙone.

Sa'an nan awo. Kafin a yanke kome, mai aiki ya auna tsawo, da faɗi, da tsayi daga ƙasa, ya kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, ya rubuta. Awon gicciyen nan biyu in ba su zo daidai ba, mota za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Bayan haka a yanke ruɓaɓɓen, a yi ta matsawa har a kai ga ƙarfe mai haske da cikakken kauri. A nan ake gane mai gaskiya, don mai gaggawa yakan tsaya da wuri.

Sabon yankin ya zama kaurinsa ɗaya da na asali. Ana sayar da ƙarfen gicciye na baya a ƙere, da ƙafafu biyu waɗanda ke hawa kan dogayen ƙarafan, ƙwararre kuma yana iya lanƙwasa irinsa. A ɗaura shi da bodi don ya zauna wurinsa, a ɗiga walda nan da can, a sake awo tukuna. Sai in ya yi daidai za a zagaye shi da walda, kaɗan nan kaɗan can, don kada zafi ya murɗe ƙarfen. A ƙarshe a goge, a shafa fentin hana tsatsa, a fesa mai kauri a cikin ramin, a bar ƙofofin tsiyaya a buɗe.

Ke da ba ki riƙe ƙarfen walda ba, abu huɗu ne naki. Na ɗaya, a nuna miki yankin da aka yanke, ko a nuna wa wakilinki. Na biyu, a ga waldar kafin a rufe ta da fenti, ta zama layi ɗaya ba ramuka. Na uku, kada a taɓa wurin da aka buga lambar shasi, don ita ce ke cikin takardun mota. Na huɗu, in motar gado ce, magada su amince da abin da za a kashe tun ba a fara ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In kuwa dogayen ƙarafan nan biyu sun ruɓe wuri-wuri, to, maho ya ƙare. Sai a sauya shasin ɗungum, a nemi wanda aka tsoma a narkakkiyar tutiya, irin yadda ake yi wa bokiti da kwanon rufi. In babu halin haka, gara a ajiye motar, ko a sayar wa masu sha'awar irinta bayan an faɗa musu aibinta, da a ɗauki yara a ciki.

Wadda nata yake lafiya kuma, duk ƙarshen damina ta sa a wanke ƙarƙashin, a zuzzura ruwa cikin ramin har laka ta fita, a bar shi ya bushe. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wassalam.